Jarkar Ruwan da Muka Kai Kaduna

Tun da na dawo daga Kaduna ban huta da tambaya ba. In an tashi daga sujada ranar Lahadi, kafin in kai gindin mangwaron majami'a an tare ni: "Baba Ishaya, yaya Kaduna? Me suka ce a kan ruwan?" Na ba wannan rabi, na ba wancan rabi, har labarin ya fara dawo mini da ƙafafun da ban sa masa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, amma abin da idona ya gani zan iya jera shi.

Saboda waɗanda ba 'yan garinmu ba, bari in fara da dalilin tafiyar. Ƙauyenmu yana bayan Godogodo, a gindin wani babban dutse, kuma daga ƙarƙashin dutsen nan rafinmu yake fitowa. A cikinsa aka yi mini baftisma. A cikinsa mata suke wanke citta, suke jiƙa dawa. Muna yara, in ka ɗaga dutse guda a bakinsa sai ka ga ƙaguwa ta ruga. Shekarun baya wani kamfani ya zo ya ce zai fasa dutse don gini da gyaran hanya. Kowa ya san ni ne na ja su har saman dutsen, ni ne kuma na tashi a taron gari na ce, "Dutse ne kawai, ai ba a cin dutse." Suka ba ni gadi a ƙofa, na yi ta murna. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Kun sani, ni ma da shi nake kwana nake tashi.

Da farko tsakuwa suke sayarwa. Daga baya suka shiga haƙa can ƙasa, suna tsintar wani irin dutse mai haske, su niƙa, su wanke, su ɗura a buhuna, a rufe mota da tamfol. Ruwan wankin yana taruwa a rami, ramin ya cika ya gangara rafi. Ruwanmu ya koma fari fari kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Ƙaguwa ta ɓace. Yara suka fara susa. Matanmu suka koyi sa alam a kowane tulu, a bar shi ya kwanta, a tace, sannan a sha.

Emeka ne ya fahimtar da ni inda matsalar take. Emeka Inyamuri ne, amma a Kafanchan aka haife shi, babansa direban jirgin ƙasa ne. Yana sayar da kayan famfo, yana kuma da gonar citta a bakin rafinmu. Ya ce gwamnati ta raba masu taɓa dutse gida biyu. Akwai masu fasa dutsen gini, su ramin da ruwa zai kwanta ya ishe su. Akwai masu haƙar ma'adinai, su dole ne su gina wurin tace ruwa kafin su sake shi. Kamfaninmu yana aikin gida na biyu, amma sunansa yana gida na farko. Muka kai ƙara, aka ce mu zo Kaduna a saurare mu.

Ni kuwa ina da nawa dalilin. 'Yata Rifkatu, da ƙuraje suka fito wa 'ya'yanta, ta kwashe su ta bi mijinta Kujama. Ranar da za ta tafi ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Baba, kai ka kawo su. Ba zan dawo da yaran nan ba sai ranar da Mama ta daina sayen alam." Tun daga ranar gaisuwa kawai muke yi a waya, ita ma gajeriya. Gidan da a da ba ka iya barcin rana saboda hayaniyar jikoki ya koma ni da uwar Rifkatu da kaji.

Mu uku aka zaɓa: ni, da Emeka saboda Turanci, da Mama Ladi shugabar zumuntar mata saboda bakinta. Shawarar Mama Ladi ce mu tafi da ruwan. Ta ce, "Magana tana da tsawo, amma ido ba ya musu." Muka je daidai inda ramin kamfani yake zuba a rafi, muka cika jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, muka toshe bakinta da leda.

Babur ya kai mu Godogodo, jarka a cinyata. A tashar Kafanchan rigimar farko ta tashi, direba ya ce jarkar sai dai a ɗaure ta a bayan mota tare da buhunan doya da wata akuya. Mama Ladi ta ce ko kusa. "Wannan ruwa shi ne lauyanmu. Ka taɓa ganin an ɗaure lauya da akuya?" Mutane suka yi dariya, direba ya ce to lauyan ya zauna a ƙafarku. Haka muka tafi, jarka tsakanin ƙafafuna, gwiwoyina a haɓa.

Rabona da hanyar nan tun ina da ƙarfina. Muka wuce Zonkwa, muka nufi Kachia, ramuka suna jefa mu sama suna dawo da mu, ruwa yana ta kuka a cikin jarka. Emeka ya yi ta ba mu labarin jirgin ƙasa, yadda babansa yake busa ƙaho daga nesa uwarsa ta ɗora tukunya. Ya ce yanzu ciyawa ta cinye layin dogon. Wani tsoho a kujerar baya ya ce, "Kowa da abin da yake nema bai gani ba."

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma shingayen sojoji da muka wuce sun isa iyaka. A wani shinge kafin Kachia aka ce kowa ya sauka. Wani soja matashi ya ga jarka ya ce, "Baba, fetur ne ko burukutu?"

Na ce, "Ruwa ne, ɗana."

"Ruwa? Kaduna ba su da ruwa ne?"

Ya buɗe, ya shinshina, ya zuba kaɗan a murfi ya duba. "Wannan ai kunu ne da bai dahu ba."

Mama Ladi ta ce, "Shi muke sha, yaro. Za ka ɗanɗana?"

Ya ce a'a, yana azumi. Abokansa suka fashe da dariya don ga rogo a bakinsa. Amma da muka faɗa masa inda za mu kai ruwan, sai ya daina wasa. Ya ce a garinsu ma akwai rafi, uwarsa tana kiwon agwagi a bakinsa. Da hannunsa ya mayar da ledar, ya ɗaure bakin jarkar fiye da yadda muka ɗaure, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A Kachia muka ci soyayyiyar doya da yaji. Mai doyar ta ba mu ruwan leda mai sanyi. Na daɗe ina riƙe da nawa a hannu ina kallonsa. Emeka ya ce, "Baba, ka sha mana, ba hoto ba ne."

Tun a gida aka shirya cewa a Kujama za mu kwana, gidan Rifkatu, da safe mu ƙarasa Kaduna. Ni ban so ba, amma ban iya faɗin dalili ba. Da la'asar muka isa, ta tafi koyon waƙa a majami'a, mijinta Bitrus ne ya karɓe mu. Na ajiye jarkar a bayan ɗakin girki, a inuwa. Jikokina suka fito, sun yi tsawo, fatarsu sumul, ba ƙurji ko ɗaya. Ƙaramar ta ɓuya a bayan babanta, ba ta gane ni ba. Da yarenmu na gaishe su, da Hausa suka amsa.

Rifkatu ta dawo, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. "Baba, kun zo lafiya? Yaya Mama? Yaya ƙafar?" Ta dafa mana fate da yakuwa da gyaɗa, irin na uwarta sak. Na ci har na ji kunya. Muka yi hirar citta, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure. Ta san Kaduna za mu saboda ƙarar kamfani, amma ba ta tambaya ba, ni ma ban ɗauko ba. Sau da yawa na buɗe baki in ce mata ga ruwan rafi can mun kawo don shaida, sai in tuna maganarta ta ƙofar gida, in rufe. Emeka da Mama Ladi sun ɗauka na gaya mata. Wa zai zaci uba zai kwana gidan 'yarsa bai faɗi abin da ya ɗauko ba?

Abin da ya ba ni mamaki a Kujama shi ne yadda suke sayen ruwa kamar gishiri. Mai ruwa yana tura kura cike da jarkoki yana bin gida gida. A wurinmu, ko maƙiyinka ne ya roƙi ruwa ba ka hana shi. Amma na ga ruwan nasu garau yake, na kama bakina.

Da safe muka ɗauki jarka muka kama hanya. Na ga an goge ta tana ƙyalli, na ce a raina Rifkatu ba ta son ƙazanta tun tana yarinya. Kaduna ta girma ta fi ƙarfina. Gadoji a sama, motoci a ƙasa, Keke Napep kamar fara. Ba mai gaida kowa. Na gaida wani mutum a bakin titi, ya dube ni ya taɓa aljihunsa. A ofishin da za a saurare mu aka sa mu cikin wani ɗan ɗaki na ƙarfe da yake hawa sama da mutane. Da ya motsa Mama Ladi ta kama rigar Emeka ta ce, "Yesu!" Emeka ya ce, "Mama, sake ni, matata tana da kishi."

Ɗakin sauraron yana da sanyi kamar ƙasan tulu. Wata mata ce shugaba, Hajiya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Kamfani ya zo da lauya da injiniya. Lauyan ya yi Turanci mai tsawo, Emeka yana raɗa mini. Wai su dutsen gini suke fasawa, abin da suke tsinta a ciki dace ne kawai, kuma ramin da suka haƙa yana kwantar da ruwa yadda doka ta ce. Emeka ya tashi ya faɗi namu: injin niƙa, wurin wanki, buhuna, motocin da ake rufewa. Mama Ladi ta yi maganar susa da ƙaguwa da cittar da 'yan kasuwa suke rainawa saboda farin da ke manne mata. Ta yi kyau sosai. Sannan ta juyo ta ce, "Baba Ishaya, kawo lauyanmu."

Aka kawo kofin gilashi. Na kwance ledar, na karkata jarka. Ruwa ya zubo garau kamar hawaye.

Na ɗauka na sama ne, na girgiza jarkar da ƙarfi na sake zubawa. Haka dai. Mama Ladi ta ƙwace ta juye ta a bokiti har ɗigon ƙarshe, ko laka babu. Lauyan kamfani ya yi murmushi ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Baba, mun gode. Kun taso tun daga ƙasar Jama'a kun kawo mana shaida." Mama Ladi ta dube ni, ta dubi ruwan, ta ce, "An yi mana asiri a hanya." A rayuwata ban taɓa son ƙasa ta tsage in shiga kamar ranar ba.

Hajiyar ta ɗauki kofin ta ɗaga shi wajen taga. Ta tsoma yatsa ta taɓa a harshe, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce, "Baba, wannan ruwa an sa masa alam. Na girma a gidan da ake sawa, na san yadda yake kama harshe. Wa ya sa?"

Nan take na tuna jarkar da aka goge. Na ce, "Ranki ya daɗe, ina jin 'yata ce. A gidanta muka kwana. Ban gaya mata na shaida ba ne."

"Me ya hana ka gaya mata?"

Na ce, "Ba ma maganar ruwa da ita."

Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce ko da ruwan ya zo da farinsa, ba za su yanke hukunci da ruwan jarka ba, don ba su ga inda aka ɗebo shi ba. Emeka ya sunkuyar da kai, shi ma bai san haka ba. Ta ce sunan kamfani zai zauna inda yake tukuna. Amma za su aiko mutanensu, ba tare da sanarwa ba, su ɗebi ruwa a bakin ramin, su kuma buɗe buhunan nan su ga abin da ke ciki. In ma'adinai ne, suna zai canja, kuma dole a gina wurin tace ruwa. Lauyan ya tashi zai yi magana, ta ce ta gama. Na tambayi yaushe za su zo. Ta ce, "In na faɗa maka, na faɗa musu ke nan."

A ƙasa Mama Ladi ta wanke ni tas. "Tsoho da kai, baki kamar an ɗinke! A taron gari da bai kamata ka yi magana ba ka yi, yau da ya kamata ka yi, ka yi shiru." Emeka ya ce ta bar ni haka. Ya saya mana shinkafa a cikin roba, irin wadda 'yan birni suke ci a tsaye da cokalin roba. Ban iya ci ba. Suka hau motar Kafanchan, ni na ce zan sauka a Kujama.

Na samu Rifkatu tana tsintar wake a tsakar gida. Ta ga jarka ba komai a hannuna ta ce, "Baba, har kun shanye?"

Na zauna a kan turmi na gaya mata duka. Tiren waken ya zame daga cinyarta. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Baba! Da asuba na je ɗora ruwa na gan ta. Ina buɗewa na ji warin gida. Na ce tsohon nan har yanzu ba ya son ruwan wani gari, ya ɗauko nasa zai sha a hanya. Na ce ba zai sha wannan a gidana ba. Na sa alam, na tace sau biyu, na wanke jarkar na mayar. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Na ce, "Tsoron bakinki nake ji."

Ta sauke hannuwanta daga ka. Sai na tambaye ta abin da ya tsaya mini a rai tun daga Kaduna. "Ku da kuke sayen ruwa mai kyau a nan, me kike yi da alam?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli a tsumma. Na gane tsumman, gefen tsohon zanen uwarta ne. Ta ce tun ranar da ta bar gida yake cikin jakarta. Ta sha ɗauka za ta yar, sai ta mayar. Ta ce, "Wani lokaci ina mafarkin rafin, Baba. Wurin dutsen nan mai faɗi da muke shanya wanki. Yaran nan ba su san ƙaguwa ba, a littafi suka gani."

Muka daɗe a tsakar gidan. Abin da ban faɗa mata ba shekara da shekaru, ranar na faɗa, ita ma ta faɗi nata. Wannan tsakanina da ita ne, ba na takarda ba. Ƙaramar jikata ta zo ta jingina da gwiwata tana wasa da sandata. Na koya mata sunan ƙaguwa da yarenmu, ta maimaita a karkace, uwarta ta yi dariya tana share ido.

Washegari Rifkatu ta raka ni bakin titi. Ta sa ƙullin alam ɗin a aljihuna ta ce in kai wa uwarta. Na ce, "Za ku zo Kirsimeti?"

Ta ce, "Ni zan zo, in kwana biyu ma. Amma yaran, Baba, maganata tana nan."

Na ce na sani. Ban roƙe ta ba, don da ni ne ita, haka zan yi.

To, ku masu tambaya, abin da ya faru ke nan. Ba mu ci ba, ba a kuma cinye mu ba. Kamfani yana nan yana niƙa, ruwa yana nan fari, uwar Rifkatu tana nan tana sa alam. Ƙullin da 'yarta ta aiko ne kawai ta ƙi taɓawa, ta rataye shi a ƙusa kusa da kalandar majami'a.

Ni kuma kullum da safe, in na gama addu'a, ina ɗaukar sandata in gangara in zauna a kan dutsen nan mai faɗi, inda ake hango hanyar da ta taso daga Godogodo. Ban san ranar ba, ban san kalar motarsu ba. In kun ga baƙi da kwalabe suna tambayar hanyar rafi, kada ku kai su gidan mai unguwa a tsaya gaishe gaishe har labari ya hau dutse. Ku turo su wurina. Ni na nuna wa na farko hanya, na san inda take.